Kayen da Ya Dawo Mini da Barci

Tun da muka baro Yebi a 2016, bayan farmakin da aka kai mata a watan Mayu da wanda ya girgiza Bosso ranar 3 ga Yuni, na samu hujjar da babu malalacin da ya taɓa samun irinta: "ai komawa za mu yi." Katangar gidanmu na Diffa ta tsaya iya ƙugu, ai komawa za mu yi. Ƙyauren makewayi yana rataye da igiya, ai komawa za mu yi. Dubban mutane sun faɗi wannan magana da hawaye a ido, ni kuwa har ɗinkin aljihun rigata na jingina da ita.

Wani uzurin ma gwamnati ce ta ba ni. Dokar ta-ɓaci ta 2015 ta hana cinikin tattasai, sai a Oktoban 2017 aka ɗage haramcin. Kafin nan na kwance injin ban ruwana don in wanke shi, na zuba kayan cikinsa a tasar uwargida. Aka ɗage haramcin, injin bai ji labari ba.

Sai barci ya ƙaurace mini. Da na kwanta, katanga ta zo ta yi sallama, bashin mai taki ya biyo ta, injin ya zauna a kan ƙirjina. Ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Diffa ya ga idona ya yi ja, ya ce, "Kawu, ciwonka sananne ne." Wai wata masaniya mai suna Bluma Zeigarnik ta gwada mutane a Balin ta ƙasar Jamus, ta wallafa a 1927 cewa aikin da aka katse ya fi wanda aka gama maƙalewa a kai. Ya ƙara da cewa a 2011 wasu masana a Amurka sun gano ba sai ka gama aikin ba: in ka tsara yaushe da yadda za ka yi shi, zuciya takan sake ka.

Daga duk bayaninsa, "ba sai ka gama ba" kawai kunnena ya riƙe.

Ranar Talata na shiga kasuwa na sayi kaye da bik. Na rubuta komai, kowane aiki da ranarsa. A daren nan na yi barcin da sai da liman ya aiko a duba ko lafiya. Kashegari na ga rubutun bai yi kyau ba, na sake kwafe shi a sabon shafi, na ja layi da jan bik. Na yi ƙiba. A majalisar mai shayi har shawara ake neman in bayar, ina zaune ina cewa, "Ku dai ku rubuta."

Komadugu kuwa ba ta da kaye. Ruwanta daga kogin Haɗeja da na Jama'are yake tasowa, ya iso mana a lokacinsa, in rani ya yi nisa ya janye abinsa. Ruwa ya zo, lokacin dashe ya kama, injinan maƙwabta suna ta ruri a bakin gaɓa. Uwargida, wadda ta yi lakkol fiye da ni, ta buɗe kayen ta karanta a tsaye. Ta ce, "Malam, duk ranakun nan ai sun wuce. Kuma ina son tasata."

Zuciya ta ɗebe ni, na rantse zan kashe shafin gaba ɗaya kafin magariba. Da sassafe na kira magini, na cire ƙyauren makewayi na kai wa kafinta, na ɗora tasa a ka na nufi bakanike a ƙasa, don a lokacin haramcin babur na Fabrairun 2015 yana nan daram. Rumfar bakaniken cike take da injina kwance-kwance, kowane cikinsa a waje. Tausayinsa ya kama ni, na fara yi masa wa'azin Zeigarnik. Ya saurara har ƙarshe yana goge hannu, ya ce, "Gaskiyar matar nan, Alhaji. Duk wanda ya biya ni na manta fuskarsa. Kuɗin bujin da ka ɗauka tun kafin doka kuwa, kullum da su nake kwana." Kuɗin mai taki suka tafi a nan.

Na dawo gida na tarar da fili. Magini ya duba katanga ya ce harsashinta ya ruɓe, ya ture ta duka, sannan ya tafi suna a wata unguwa. Kafinta ya aiko cewa gobe in Allah ya kai mu. Ana cikin haka sai ga surukata ta sauka daga mota da ƙullin busasshen kifi. Bayan doguwar gaisuwa ta nemi buta.

Duk wanda ya san kunyar surukai ya san abin da ya same ni. Yara suna makarantar allo, uwargida tana riƙe da gefe ɗaya na zana, dole wani ya riƙe ɗayan. Na tsaya na juya baya, hannu a sama, ina kallon titi, masu wucewa suna ce mini, "Sannu da aiki, mai kaye."

Daga ranar uwargida ta karɓe kayen. Kowace safiya takan karanta mini layi ɗaya tak, ba ta buɗa na gaba sai ta ga na farko da idonta. Haka ƙyaure ya koma, tasa ta dawo, injin ya haɗu. Na kai shi bakin kogi, na ja igiya, ya tashi da ƙara har maƙwabta suka yi kabbara. Sai a nan na tuna mesar da ke jan ruwan na ba wani aro tun muna Yebi, kuma an ce yanzu yana Damasak.