Ranar da Mitoci Takwas Suka Amsa Tare

A unguwar Aboabo ta Kumasi duk wanda ya taɓa gyara rediyo injiniya ne, ni kuwa har fanka na taɓa tayarwa. Shi ya sa da rigimar kuɗin wuta ta ishi Kawu a gidan hayarsa, ni ya aika a kira. Na ce a sa wa ɗakuna takwas ɗin mita ɗai-ɗai, a ɗaura su kan waya biyu, yana zaune a zaure zai ga abin da kowa ya sha.

RS-485 ake kiran tsarin, tun 1983 yake aiki. Waya biyu ce a murɗe, A da B, kuma na'urar da ke karɓar saƙo bambancin tsakaninsu kaɗai take dubawa. Hayaniyar da ta shiga ɗaya ta shiga ɗayar, sai ta soke kanta, saƙo ya yi tafiyar kilomita ɗaya da ɗoriya lafiya lau. Duk na zayyana wa Kawu wannan, ina kaɗa sukudireba.

A unguwar Adum na ga wayar lasifika ta fi araha, ba ruwanta da murɗi. Na ja wa kowane ɗaki tasa daga zaure, na liƙa wa kowace mita resisto mai om 120, don kada wata ta ce an yi son kai.

Na kunna. Shiru. Na ɗora wa dumsor, wato ɗaukewar wuta, laifi, alhali ƙwan zaure na ci. Kawu ya fara maganar kiran malam.

Sai ga 'yarsa, taubashiyata, ta dawo hutu daga jami'ar KNUST.

"Yaya, resisto biyu ake sawa, farkon layi da ƙarshensa. Naka takwas sun mai da layin om 15, na'urar kuma wajen 60 take tsammani. Wayar ma daga mita zuwa mita take bi, ba kowa da tasa ba."

Ta duba lambobin mitocin, kowace tana kan 1, yadda aka fito da ita daga kamfani. Kamar ka tsaya ƙofar babban masallacin Kumasi ranar Juma'a ka ce "Alhaji!" Duka suke amsawa, ba ka jin ko ɗaya.

Kafin la'asar ta gama. Kawu ya miƙa mata kuɗin aikin, ni kuma ya ce in mayar wa maƙwabci tsaninsa.