Yadda Ake Sallamar Aljanin da Ke Neman Katin Waya

Daren Larabar da ta wuce, wajen ƙarfe biyu, wayata ta yi ƙara a ƙarƙashin matashi. Duk mai kwana a Mabai, ko wani ƙauye na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ya san abin da ƙarar waya a wannan lokaci ke yi wa cikin mutum. Kafin ka ɗauka ka gama ƙirga 'yan'uwanka: wa ya yi dare a gona, wa ke kan hanyar Funtuwa. Na ɗauka gabana na faɗuwa. Sai wata murya mai kauri, kamar ta mai magana a cikin tulu, ta rangaɗa sallama har sau uku. Wai Sarkin Aljanu ne, wai an zaɓe ni cikin bayin Allah, akwai tukunyar zinariya da sunana, sai dai in turo katin waya na dubu biyu a sayi turare. Ban sake runtsawa ba har aka kira assalatu. To, 'yan'uwana da aka hana barci, ga abin da nake gani.

Na ɗaya. Rabu da shawarar 'yan birni mai cewa kada a ɗauki baƙuwar lamba. A nan baƙuwar lamba tana iya zama ƙanenka ne ya ari wayar wani don tasa na wurin mai caji, tana kuma iya zama kiran nan da ba ma son ambato. Iyayen ɗalibai sama da 300 da aka kwashe daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 sun san darajar kowace ƙarar waya. Da aka katse mana sabis a Satumbar 2021, watanni muka yi sai mutum ya hau mota ya bar yankin kafin ya ji muryar ɗansa. Mutanen da suka ɗanɗana wannan ba za su ga kira su kau da kai ba, kuma macutan sun san haka. Ɗauka za ka yi. Abin da ya rage shi ne yadda za ka karɓi baƙon.

Na biyu. Idan aljani ne, karrama shi. Ka ce, “Ranka ya daɗe, na wane layi za a turo?” Ka tambaye shi yadda mai gadin zinariya ya rasa kuɗin turare. Ka tambayi lafiyar iyali, da damina a can wajensu, da farashin taki. Kuɗinsa ne ke ƙonewa, kuma duk mintin da ya ɓata a kanka wata tsohuwa ce ta tsira.

Na uku, kuma nan ne raina ke ɓaci. Akwai mai kira da tattausar murya, Hausa tsab, yana haɗawa da ɗan Turanci: “Hajiya, daga banki ne, BVN ɗinki ya samu matsala, yau za a rufe asusunki.” Ko ya ce sunanki ya fito a tallafi. Goggota ta kai shekara sittin tana ƙulle kuɗinta a bakin zane ba wanda ya taɓa cutarta. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ne ya tilasta mata buɗe asusu, don masu sayen hatsi sun koma tiransifa. Kwanan baya ta sayar da masara buhu biyu, masarar da aka noma ana waige-waige, aka yi girbinta da addu'a a baki. Wani ya kira ta ya ce, “Mama, karanto mini lambobin da ke jikin katinki.” Ba ta iya karatun boko ba, sai ta kira jikanta ya karanto guda 16 ɗin nan, da na bayan katin, sannan da 'yan lambobin da suka shigo ta saƙo. Washegari ta je wurin mai POS za ta ciri kuɗin cefane. Yaron ya zura kati, ya dube ta, ya sake zurawa, sannan ya sunkuyar da kai. Ta tsaya riƙe da ledar da ta kawo don kayan miya, tana cewa ai yaron da ya bugo mata waya Mama ya kira ta. Wane irin mutum ne zai ci guminta ya iya barci? Ku gaya wa tsofaffinku da babbar murya: banki ba ya kiran mutum ya nemi lambar sirrinsa ko lambar da ta shigo masa ta saƙo. Wanda duk ya nema ɓarawo ne, ko da ya fara da bismilla. In kuma an riga an faɗa, a garzaya a sa banki ya toshe katin a ranar, kada a tsaya jin kunya.

Sauran ba sai na sa musu lamba ba. Mai kukan cewa ya turo maka kuɗi bisa kuskure, duba asusunka da kanka kafin tausayi ya kama ka, don saƙon shigar kuɗi ma ƙirƙirarsa ake yi. Tallace-tallacen da ke cika waya kuwa, rubuta STOP ka aika wa 2442, in kuma ana zaftare maka kati ba dalili akwai 622 na Hukumar Sadarwa ta Ƙasa. Waɗannan maganin talla da zaftare kati ne kawai, ba sa kama ɓarawo.

Sai mafi muni, wanda babu raha a cikinsa: mai kira ya ce shi ɗan daji ne, ya faɗi sunan unguwarku da yawan shanunka, ya ce in ba ka turo kaza ba suna nan tafe. Wasu daga cikinsu ba su taɓa kwana a daji ba, tsoronmu kawai suka mayar jari, kuma wanda ya san adadin shanunka ba daga nesa yake ba. Kada ka haɗiye wannan kai kaɗai. Rubuta lambar, in an ce an kama wani naka ka neme shi ta wata wayar, ka sanar da mai unguwa da jami'an tsaro. Tun ƙarshen 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN, muka yi sammako, muka biya kuɗin mota, muka sha rana a layi, don kowane layi ya zama yana da mai shi. To mai wannan layin da ke tsorata mu fa, ina sunansa? Wa zai nemo shi?

Daren Juma'a Sarkin Aljanu ya sake kira, wannan karon bayan isha'i, muna zaune a tsakar gida. Na miƙa wa Goggo wayar. Ta gyara zama, ta amsa sallamarsa, ta ce, “Yauwa ɗan nan, tunda kun san gaibu, gaya mini wanda ya ci kuɗin masarata.” Ya kashe.