Allah Ya Kawo Kasuwa, Dubai

Mutanenmu ba su yi wa Dubai adalci ba. Ka tambayi ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Hajiya mai saro kayan lefe abin da suka sani game da birnin, za su lissafa maka Deira da Naif, abaya da turare, wayoyi da sarƙar gwal, sai dogon benen nan na Burj Khalifa da ake tsayawa a gindinsa a ɗauki hoto. Wannan ai ƙaramin ciniki ne, na masu tsayawa gaban sikeli a filin jirgi suna roƙon a yafe musu kilo biyu. Babbar kasuwar tana can kudu da gari, a filin jirgin Al Maktum, inda duk bayan shekara biyu, a watan Nuwamba, ake baje kolin jiragen sama, na fasinja da na yaƙi. Kafin nan, a farkon shekarar, yayarta Abu Dabi ta riga ta ci tata kasuwar, wato IDEX, wadda aka fara a 1993, inda ake jera bindiga da igwa da motar sulke a kan kafet mai laushi, ga sanyin na'ura, ga gahawa da dabino. Nan hajar gaske take, kuma an daɗe ana tauye wa masu ita haƙƙinsu na yabo.

Ina ka taɓa ganin kasuwa mai faɗin zuciya irin wannan? A watan Mayun 2025 Indiya da Pakistan suka yi kwana huɗu suna jifan juna da makamai masu linzami. Watan Nuwamba na zuwa sai ga jirgin Tejas na Indiya da JF-17 na Pakistan a fili ɗaya, kowa an goge shi yana walƙiya, yana jiran mai taya. Rasha, wadda Turawa suka lafta wa takunkumi, ta kawo Su-57, Amurka ma ga ta da nata. A Abu Dabi kuwa kamfanonin Rasha da na Yukiren sun kafa rumfuna a baje koli ɗaya alhali samarinsu na mutuwa a ramukan yaƙi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta shekara tamanin tana fama ta zaunar da abokan gaba wuri guda ta kasa, Dubai ta yi da kuɗin hayar rumfa kawai. Ba banza ba ƙasar, wato Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ta naɗa ministar haƙuri da juna tun 2016. Haƙurin har ya kai ranar ƙarshe ta baje kolin 2025, 21 ga Nuwamba, jirgin Tejas ya rikito gaban 'yan kallo ya kama da wuta, matuƙinsa ya mutu, amma kafin rana ta faɗi wasu jiragen sun sake tashi sun ci gaba da wasa. Rashin mutum ɗaya ai ba ya hana kasuwa ci.

Kada a ɗauka masu gida dillalai ne kawai. Su ma suna saye, sayen manya. Ranar 3 ga Disamban 2021, a Dubai ɗin, gaban Shugaba Macron na Faransa da Muhammad bin Zayid na Abu Dabi, aka sa hannu kan cinikin jiragen Rafale 80, kimanin Yuro biliyan 16, da jirage masu saukar ungulu 12 a kai. Wannan a ƙasar da duka mazaunanta ba su wuce miliyan goma da ɗoriya ba, 'yan ƙasar na asali kuma wajen kashi ɗaya cikin goma. Sun nemi F-35 guda 50 daga Amurka, da sharuɗɗan suka yi musu yawa sai suka dakatar da maganar, don mai kuɗi ba a yi masa gori. A 2019 suka tattara masana'antunsu na makamai ƙarƙashin kamfani ɗaya mai suna EDGE, suka shiga sahun masu sayarwa.

Atisayensu ma abin a yaba ne. A watan Maris na 2020, lokacin da korona ta rufe masallatai da makarantun duniya, sojojin Daular da na Amurka suka yi atisaye a sansanin Al-Hamra, inda aka gina birnin kwaikwayo sukutum, da benaye da matatar mai da masallaci a tsakiya, don kawai a koyi yadda ake kama gari. Dubi tsari! Wasu sai sun samu gari mai mutane suke koyo a kansa, su kuwa sai da suka fara da na wasa. Bayan shekara uku jiragen Daular suka tafi yankin Shinjan suka yi atisaye da na Sin, alhali jiragen ruwan yaƙin Amurka na shiga tashar Jabal Ali ta Dubai kamar gidansu. Ɗan kasuwar kirki ba ya faɗa da abokin ciniki.

To, duk haja mai kyau tana buƙatar a gwada ta, kuma mutum mai hankali ba ya gwada irin wannan haja a tsakar gidansa. Yaman ta samu rabonta daga 2015, lokacin da Daular ta shiga ƙawancen da Saudiyya ke jagoranta. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2021 yaƙin ya ci rai 377,000, akasari ta hanyar yunwa da cuta. Da 'yan Husi suka mayar da martani kan Abu Dabi a watan Janairun 2022, mutum uku suka mutu, biyu 'yan Indiya, ɗaya ɗan Pakistan. Ko a nan ma baƙi aka bari suka ɗauki nauyin, saboda karamci. A Libiya, ranar 4 ga Janairun 2020, makami ya faɗa kan ɗaliban makarantar soja a Tarabulus suna tsaka da fareti, 26 suka mutu. Binciken BBC ya gano jirgi maras matuƙi ne ƙirar Sin, daga sansanin da Daular ke amfani da shi wajen mara wa Janar Haftar baya. Daular ta sha musanta hannu a yaƙin, kuma bayan makonni biyu tana zaune a taron zaman lafiyar Libiya a Balin. Mai son zaman lafiya ai ba ya makara.

Amma inda alherin ya fi yawa shi ne Sudan, ƙasar da Bahaushe ba baƙo ba ne a cikinta. Kakanninmu sun bi ta nan a ƙasa zuwa Makka, wasu suka zauna, ga Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, ga Kasala, ga Gadarif. Ɗalibanmu ma suna can suna karatu yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojan ƙasa da dakarun RSF na Hamidti, aka kwaso su a motoci zuwa iyakar Masar. Ba a jima ba Daular ta buɗe asibitin tafi-da-gidanka a Amjaras, wani ƙaramin gari a gabashin Chadi, kusa da iyakar Darfur. Masha Allah, ba a taɓa ganin asibiti mai cin kaya irinsa ba. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ƙirga aƙalla jiragen dakon kaya 86 da suka taso daga Daular zuwa can. Bandeji da allura ke nan, jirgi bayan jirgi, har mutum ya yi mamakin yadda majinyata ke shanye magani haka. Masu baƙin ciki, wato ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya, suka ce a farkon 2024 zargin cewa makamai ke bi ta nan zuwa hannun RSF yana da tushe. Su ne kuma suka ce an kashe tsakanin mutum 10,000 zuwa 15,000 a garin Janaina kaɗai. Amnesty ta nuna motocin sulke ƙirar Daular, ɗauke da na'urar kariya ta Faransa, a fagen yaƙin Sudan, daga baya ta nuna bama-bamai da igwa ƙirar Sin da ta ce ta hannun Daular suka biyo. A watan Janairun 2025 Amurka ta sa wa Hamidti takunkumi tare da kamfanoni bakwai da ke zaune a Daular.

Daular ta ce duk ƙarya ne, kuma wa zai ƙaryata mai asibiti? Sudan ta kai ƙara Kotun Duniya a Heg. Ranar 5 ga Mayun 2025 kotu ta kori ƙarar, ta ce ba ta da hurumi, domin tun sa'ad da Daular ta shiga yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi ta togace sashen da ke ba kotun ikon yi mata shari'a. Wannan shi ne hangen nesa, ka sa hannu a kan doka, ka cire alƙali. Bayan wata biyar da sati uku, ranar 26 ga Oktoba, Alfashir ta faɗi bayan ƙawanya ta shekara ɗaya da rabi, masu binciken Jami'ar Yale suka ce hotunan tauraron ɗan adam na nuna abin da ya yi kama da gawawwaki da jini a ƙasa. Sati uku bayan haka aka buɗe baje kolin Dubai, an share fili tas.

Don kada a ce an yi son kai, sojan ƙasar Sudan na Burhan ma ba da sanda suke yaƙi ba, suna da masu ba su nasu jiragen, kuma sun yi nasu ta'asar. Sai dai ko a nan Dubai ce ta ciri tuta, don mafi yawan zinaren da gwamnatin Sudan ta riƙa fitarwa a hukumance kasuwar Daular ya riƙa zuwa, na ɓangaren Hamidti kuma ya san hanya. Masu faɗa biyu, ma'auni ɗaya. Ƙungiyar Swissaid ta ƙiyasta cewa a 2022 kaɗai an yi fasa-ƙwaurin zinare tan 435 daga Afirka, akasarinsa zuwa Daular. Da zarar an narkar da shi, ba mai sanin na Darfur ne ko na wani rami a Sahel. Daga nan ya zama ɗan kunne da awarwaro a Deira, Hajiya ta saya ta sa a akwatin lefe, a buɗe a Kano ana guɗa.

Akwai wani abin kuma da ke sa mutum ƙwalla. Ba nisa da filin da ake baje kolin akwai katafaren birnin ajiyar kayan agaji, inda hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke tara tanti da bargo da magani don masu gudun hijira. Kamar maƙeri ne mai sayar da wuƙa a ƙofar gida, ya kuma buɗe shagon ɗaurin rauni a bayan gida, don kada abokin ciniki ya wahala da yawo.

Zai zama rashin kishin ƙasa a gama wannan yabo ba a sa manyanmu a ciki ba, domin sun riƙe zumunci da Dubai riƙo na amana. A 2014 matan sojoji suka tare ƙofar bariki a Maiduguri, suna cewa ba za a tura mazajensu gaban Boko Haram ba makamai ba. Shekara na zagayowa aka kama tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Sambo Dasuki, kan zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai, shari'ar kuma ta yi ta jan ƙafa har mutane suka daina tambaya. A 2020 wani bincike na cibiyar Carnegie ya gano gidaje 800 a Dubai, na kimanin dala miliyan 400, masu alaƙa da 'yan siyasa da manyan jami'an Najeriya. Ban ce kuɗin bindiga ne ya zama bene ba, Allah ya tsare ni. Na dai lura cewa bene ba ya ƙin tashi a fagen daga, ba ya ƙarewa da harsashi, kuma ba a taɓa jin ya faɗa kan 'yan Maulidi bisa kuskure ba. Ta wannan fuska ya fi jirgin da ya jefa bam kan Tudun Biri a Jihar Kaduna daren 3 ga Disamban 2023, ya kashe aƙalla mutum 85. A makon da hakan ta faru ne sunayen 'yan Najeriya 1,411 ke cikin rajistar taron sauyin yanayi a Dubai, ana can ana ceton duniya. Lokacin kuma Daular ta hana talakan Najeriya biza, hanin da ya faro a 2022 bai ɗage ba sai tsakiyar 2024. Mai gida ya san baƙon da ke kawo riba.

Saboda haka masu cewa Dubai ta yi wa Afirka nisa su ji tsoron Allah. Duk inda aka ji ƙarar igwa daga Tarabulus zuwa Darfur, ana samun wanda zai ambaci sunan ƙasarta, duk inda aka haƙa rami aka samu gwal, ita ce alƙiblar jirgin. Baje koli na gaba yana zuwa a 2027. Ina roƙon ministocin tsaronmu da hafsoshinmu, daga Abuja zuwa Yamai, su fara haɗa tawaga tun yanzu, kada a bar mu a baya, a tafi da isassun masu riƙe jaka. Mutanen Zurmi da Sabon Birni da Madarumfa kuma su ƙara haƙuri, su ci gaba da haɗa kuɗin fansa kafin a dawo da hotuna.