Taron Dangi a Kan Ɗan Kurege

A jihohin Wyoming da South Dakota na Amurka akwai wata 'yar dabba mai kama da kurege, tana haƙe filin kiwo da ramuka, masu shanu sun tsane ta. Nauyinta da ƙyar ya haura kilo ɗaya. Amma kafin maharbi ya fita nemanta, sai ya kwana yana gardama da abokai a kan girman harsashi.

Dattawa sun kafe kan .22 Long Rifle, wanda ya fito tun 1887: ga araha, ga ƙarancin ƙara, sai dai da ya wuce yadi 100 ya fara sunkuyar da kai. Samari kuwa .17 HMR na kamfanin Hornady suke yabo, ɗan 2002, siriri mai gudu, amma iska na kaɗawa ta ja shi gefe kamar ƙaiƙayi. Shi ko .220 Swift da Winchester ta ƙera a 1935, gudunsa ya kai ƙafa 4,000 a daƙiƙa, yana kuma cinye bututun bindiga da wuri. Mai ita ya sani, bai damu ba.

Sannan a ɗora madubin hangen nesa wanda wani lokaci ya fi bindigar tsada, a kafa tebur da kujera, har da laima. Duk bidirin nan dabbar na tsaye bakin raminta da ƙafa biyu tana kallon ikon Allah. Ƙarar farko, ita da danginta suka shige ƙasa, gogan naka ya buɗe kular ruwa ya zauna jira.