Allon "Ana Neman Ma'aikata" Ya Fi Kowa Daɗewa a Aiki

A wani gidan abinci da nake zuwa a Kano, ma'aikacin da ya fi kowa daɗewa shi ne allon bakin ƙofa da aka rubuta "Ana Neman Ma'aikata". Shekara uku ke nan yana tsaye, rani da damina. Sauran kuwa, kafin ka haddace sunan yaron da ke kawo maka tuwo, an canja fuska.

Na tambayi mai wurin dalili. Alhaji ya gyara zaman hula ya ce, "Malam, yaran yanzu ba haƙuri. Ka riƙe su kamar 'ya'yan cikinka, su tsere."

Sai na zuba ido in ga irin wannan riƙo. Yaro ya shigo bakwai na safe, ya tashi sha ɗaya na dare. Faranti ya fashe, a cire a albashi. Wani ya ci ya sulale, a cire a albashi. Cokali ya ɓace, a raba kuɗinsa kan kowa har mai gadi. Ƙarshen wata idan aka buga lissafi, yaron ake bi bashi. Dokar 2024 ta yanke mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma ta ɗauke wa wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Wannan layin kaɗai Alhaji ya haddace, shi ya sa nasa kullum 24 ne cif.

Rannan na tsinci ƙuda a miya. Yaron ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, bari in gaya wa manaja." Manaja ya ce canja kwano sai da izinin Alhaji. Alhaji kuwa yana Umara, wayarsa a kashe. Haka muka zauna ni da ƙudan muna jiran a gama ɗawafi.

Otal-otal ɗin Ritz-Carlton na Amurka sun yarje wa kowane ma'aikaci ya kashe har dala 2,000 don share wa baƙo hawaye, ba sai ya tambayi kowa ba. Mu a nan, ƙarin tsoka ɗaya sai majalisa ta zauna.

Kuku uku suka bar Alhaji bana. Na ƙarshen ya kafa teburin shayi da Indomie a tsallaken titi, masu cin abinci suka bi hannunsa. Alhaji ya ce asiri ne.

Alhaji, ba asiri ba ne. Kana son yaro ya yi wa baƙo shimfiɗar fuska, alhali da ruwan ciki ake jan na rijiya. Biya shi a kan lokaci, ba shi hutun kwana ɗaya a mako, ka kuma yarda da hankalinsa ko da a kan kwanon miya ne. In ka yi haka, allon nan ma zai samu ya yi ritaya.