Masana injin jirgi a gaɓar Yauri

Abu huɗu kacal tsohon injin jirgin ruwa yake nema kafin ya tashi: fetur, iska, wuta a bakin fulogi, da matsi a cikin silinda. Amma bari Yamaha mai doki 40 ya ƙi tashi a gaɓar Yauri ranar kasuwa, nan da nan za ka ga masana sun fi fasinjoji yawa.

Wanda ke fara zuwa shi ne Ƙarfi. Shi a ganinsa inji taurin kai yake yi, maganinsa kuma damtse. Zai tuɓe riga, ya ja cok, ya fizgi igiya har jirgin ya karkata. Kowace fizga kuwa ƙara ɗura wa injin fetur take yi, har fulogi ya jiƙe sharkaf, warin mai ya cika wurin. Injin da ya sha mai haka so yake a mayar da cok, a buɗe masa wuta, a bar shi ya huta. Ƙarfi ba ya barin komai ya huta. Sai igiya ta tsinke a hannunsa zai ce, "Ai da ma igiyar ce matsalar."

Bayansa sai Malam Fulogi. Ko farfela ce ta karye, fulogi zai ce. Yakan kwance shi, ya hura, ya goga da gefen riga, ya kankare da ashana. Gwajinsa dai daidai ne: a jingina fulogin a jikin ƙarfen inji, a ja igiya, a duba ko shuɗiyar wuta za ta yi tsalle. Illarsa ɗaya, ba ya tuna cire yatsa daga ƙarfe. Idan ka ji salati da ƙarfi ka ga hula a ruwa, to koyil lafiyarsa ƙalau.

Akwai kuma Baba Na-da, wanda ba ya taɓa inji, sai baki. Yana zaune kan jarka yana ba da labarin injin Johnson ɗin ubangidansa, da ya yi aiki tun kafin ruwan Kainji ya cinye tsohuwar Bussa a 1968. Ka ce masa injin Evinrude ma an daina ƙera shi tun 2020, sai ya ce shi ya sa duniya ta lalace. Amma fa kada a raina shi gaba ɗaya. In ya tambaya, "Ɗana, nawa ka zuba baƙin mai?" tambaya ce ta gaske. Injinan Johnson na kafin 1964 kashi 24 na fetur ake haɗa musu da kashi 1 na mai, na bayansu kuma 50 da 1. Mai jirginmu kuwa da gwangwanin madara da ido yake awo.

Mafi haɗari shi ne Kwance-kwance. Zai buɗe kafireta a kan cinyarsa, jirgi na rawa, kuma sau da yawa yana da gaskiya: fetur da ya kwana biyu yakan bar danƙo ya toshe 'yar ƙofar da mai ke bi, na 'yan bumburutu kuma wani lokaci da ruwa a ƙasansa. Sai dai kusoshi bakwai yake cirewa ya mayar da biyar. Sauran suna hannun kifi.

Daga can baya wani zai rage murya ya ce ba banza ba, jiya ma an ga mai jirgi yana cacar baki da wani. Hajiya mai kwandon banda ba ruwanta da sammu. "Direba, in ba zai tashi ba ka ba mu filafili, kasuwa tana watsewa."

Duk wannan lokaci yaron jirgi yana cewa, "Maigida, murfin tanki." An ce ya yi shiru sau uku, manya na magana. A ƙarshe ya lallaɓa ya sassauta 'yar kusar iska da ke kan murfin, tanki ya yi huci, ya matsa robar tiyo har ta yi tauri, ya mayar da maƙalin kashe inji da Ƙarfi ya fizge da gwiwar hannu. Aka naɗa guntuwar igiya, ja biyu, hayaƙi ya turnuƙe.

Malam Fulogi ya dubi jama'a yana matse hularsa. "Ban gaya muku ba?"