Banufe, Rataya Mazurarinka

Zuwa ga bawana Banufe, sarkin ruwa na baka.

Labari ya iso Katsina cewa ka bar kwalekwalen Muregi ka koma Legas, wai kai ne matuƙin jirgin nan na masu kuɗi, mai sanda a tsakiya da ƙyalle, wanda iska ke turawa. Madalla. To amma an ce in iska ta yi maka rowa sai ka kunna inji a ɓoye, ƙyalle na sama a buɗe, kana ta hura hanci manyan jirage suna kauce maka. Wannan ai sata ce, ko da yake ba yau ka fara ba.

Zauna ubangidanka ya karantar da kai. Akwai dokokin hana karo a teku da Hukumar Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya ta amince da su a 1972, suka fara aiki a 1977. Doka ta 18 ta ce mai inji shi zai ba mai tafiya da iska hanya, domin wanda iska ke tuƙawa ba shi da ikon juyawa yadda ya so. Gata ne aka yi wa mai rauni. Da zarar inji ya fara tura ka kuwa, gatan ya faɗi, ka zama mai inji kamar kowa, ko ƙyalle goma ka baza. Matuƙin da ke hango ka daga nesa ba ya jin ƙarar injinka, ƙyallen kawai yake gani. Shi ya sa doka ta 25 ta ce da rana ka rataya baƙar alama a gaban jirgi, mai siffar mazurari, faɗi a sama, tsini a ƙasa. Ma'anarta: jama'a, inji nake ci, kada a raga mini. Na san abin da ke hana ka rataya ta. Banufe da faɗin gaskiya a bainar jama'a?

In ka jefa anka ka tsaya, doka ta 30 ta ce baƙin ƙwallo guda a gaba, don a san ba ka motsi. Faɗinsa kada ya gaza santimita 60, amma jirgin da bai kai mita 20 ba an yarda ya rataya ƙarami daidai jikinsa. Wanda bai kai mita 7 ba an ɗauke masa ma gaba ɗaya, muddin ba kusa da hanyar jirage ko matsayarsu ya tsaya ba. Kada ka ce mini a Amurka an yafe mazurari ga jirgin da bai kai mita 12 ba. Gaskiya ne, amma a ruwayensu na cikin gida, kuma Legas ba Amurka ba ce.

Shawarata, ka sayi ƙwallo uku tun yanzu. Biyu a jere, ɗaya bisa ɗaya, na nufin jirgi ya fi ƙarfin matuƙinsa. Uku na nufin ya kafe a yashi. Da irin tuƙin da ka nuna mana a wasan kwalekwale na Pategi, waɗannan za ka fi bukata.

Ni da rijiya ce kogina na san wannan. Kuɗin karatu buhun shinkafar Bida ne, ka aiko kafin salla.

Ubangidanka,
Bakatsine